Insha'i ba kwandon karin magana ba ne: sharhi a kan takardar da ke yawo a wayoyin malamai



Cikin mako biyun nan sau uku ana turo mini wata takarda ta WhatsApp, kuma duk waɗanda suka turo malaman Hausa ne na sakandare. Babu sunan wanda ya haɗa ta. Ta ƙunshi samfurorin insha'i da aka rubuta don ɗalibai masu shirin jarrabawar fita, sai jerin adon harshe da misalansu, sai dogon jerin karin magana da aka ce ɗalibi ya haddace "don ƙawata rubutu". Ɗaya daga cikin waɗanda suka turo ya ce in sa ta a wannan shafi kowa ya amfana. Na zauna na karanta ta tun daga farko har ƙarshe, kuma na yanke ba zan sa ta haka kawai ba sai na faɗi abin da na gani a ciki.

Bari in fara da ba ta haƙƙinta. Wanda ya haɗa ta ya san ƙa'idojin rubutu. Ya raba "shi ne" da "ita ce", bai haɗe "ba ya" ba, ya bambanta "a kan" ta wuri (a kan tebur) da "akan" ta sabo (akan ce). Haruffa masu ƙugiya duk suna nan, ɓ da ɗ da ƙ, abin da hatta wasu littattafan da aka buga aka sayar ba su kiyaye ba. Sashen wasiƙa ma ba laifi: ya nuna inda adireshi ke zama, da bambancin wasiƙar zumunci da ta neman aiki. Kuma kyauta ya bayar. Malamin da ke ƙauye, ba ɗakin karatu, ba kuɗin sayen littafi, in ya sami irin wannan a wayarsa dole ya yi murna. Allah ya saka masa.

Damuwata ita ce abin da takardar ke koya wa yaro cewa shi ne rubutu mai kyau.

Ba zan kwafo maganarsa ba tunda ban san shi ba balle in nemi izini. Amma ga sakin layi da na tsara da kaina a kan salon samfurorin, kuma duk wanda ya taɓa duba takardun ɗalibai zai gane shi tun daga jimlar farko:

"Ilimi gishirin zaman duniya ne, kamar yadda masu iya magana ke cewa. Haƙiƙa ilimi yana taka muhimmiyar rawa wajen ci gaban kowace al'umma a faɗin duniya baki ɗaya. Ilimi haske ne, jahilci kuwa duhu ne. Ba za a taɓa iya misalta muhimmancin ilimi ba, domin kuwa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya."

Jimla huɗu ke nan, babu kuskuren nahawu ko ɗaya. To amma me aka faɗa? Yi wannan gwaji: cire "ilimi" ka sa "noma", ka gyara jimla ta uku kaɗan. Sakin layin yana nan daram. Sa "lafiya", sa "zaman lafiya", sa "tsafta". Bai motsa ba. Rubutun da zai shiga kowane take bai ce komai ba a kan ko ɗaya daga cikinsu. Sannan dubi "domin kuwa" ɗin nan ta ƙarshe. Wannan mahaɗi alkawari ne: yana gaya wa mai karatu cewa ga dalili nan tafe. Sai aka kawo karin maganar da ke nufin sai mutum yana da abin hannu ko abin ciki kafin ya iya neman wani. Ina haɗinta da cewa muhimmancin ilimi ba ya misaltuwa? Babu. An dai ji wurin yana buƙatar karin magana, aka miƙa hannu cikin kwando aka ɗauko wadda ta zo. Ita kuwa "taka muhimmiyar rawa" daga Turanci aka ɗauko ta ɗungurungum, ta bi ta labaran rediyo ta zauna, har yara sun ɗauka babu insha'in da zai cika sai da ita.

Ga yadda wani zai iya buɗe wannan take ɗin:

"Wata tsohuwa a unguwarmu an ba ta maganin hawan jini, aka rubuta a jikin kwalin ta sha ƙwaya ɗaya da safe. Ba ta iya karatu ba, jikan da ke karanta mata kuma ya koma makarantar kwana. Ta yi ta sha safe da yamma, har ranar da jiri ya kayar da ita a bakin murhu."

Ba karin magana, ba kamantawa, ba "haƙiƙa". Amma mai karatu ya riga ya san inda aka dosa, kuma ba za ka iya ɗaukar wannan ka liƙa a insha'in noma ba.

Na daɗe ina tunanin yadda muka kai ga nan, kuma ina ganin tushen abin shi ne mun matse balaga ta koma adon harshe kaɗai. Kalmomin da muke amfani da su a aji, irin su kamantawa da siffantawa da alamtarwa da jinsintarwa (mutuntarwa, dabbantarwa, abuntarwa), sun yaɗu ne ta hanyar nazarin waƙa. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara su a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa waƙar baka nata jagoran, Farfesa Abdullahi Bayero Yahya ya rubuta Salo Asirin Waƙa. Waɗannan ayyuka ne masu daraja, kuma sunayensu ma sun faɗi abin da aka yi su dominsa: waƙa. Wuƙaƙe ne na feɗe abin da mawaƙi ya riga ya gama. Laifinmu ne, mu masu koyarwa, da muka ɗauko jerin muka miƙa wa ɗan aji biyar muka ce ga kayan haɗa insha'i. Yaro ya ga jeri mai lamba, ya ɗauka maki ne a jere: kamantawa ɗaya, mutuntarwa ɗaya, karin magana uku, shi ke nan an ci.

Alhali duk inda aka yi ilimin magana da gaske, ado shi ne ƙaramin sashe. Aristotle, a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce hanyoyin shawo kan mai sauraro uku ne: halin mai magana da amincinsa, da motsa zuciyar mai sauraro, da ita kanta hujjar. Rumawa irin su Cicero suka kasa aikin mai magana kashi biyar: nemo abin faɗa, tsara shi, zaɓen lafazi, haddacewa, da isarwa. Ka lura zaɓen lafazi na uku ne, kuma adon harshe wani yanki ne kawai a cikinsa. Takardar nan ta tsallake na ɗaya da na biyu, ta ɗauki rabin na uku, sai ta rungume na huɗu.

Ba ma sai mun je Girka ba. A zaurukanmu an daɗe ana karanta balagar Larabci. Shi wannan Abdurrahman al-Akhdari da yara ke karanta littafinsa na fiƙihu, wanda muke kira Ahalari, yana da wani a kan balaga mai suna Jauharul Maknun. Malaman wannan fanni sun kasa shi uku: ma'ani, bayan, da badi'i. Bayan shi ne inda kamance da aron kalma suke. Badi'i shi ne kwalliyar lafazi, kuma su da kansu suka ajiye shi a ƙarshe, suka ce ba ya zuwa sai magana ta riga ta dace da wurinta. Wanda suka sa a gaba shi ne ma'ani, ilimin da ya ginu a kan aikin Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a shekarar 471 ta Hijira. Abin da ma'ani ke tambaya shi ne: wa kake yi wa magana, a wane hali yake, kuma wane gini na jimla ne ya dace da shi? Me za ka gabatar, me za ka jinkirta? Ina za ka taƙaita, ina za ka tsawaita? Ina za ka haɗa jimloli, ina za ka yanke?

Nan ne nake so masu bibiyar wannan shafi su tsaya, domin nan ne nahawu da balaga suka haɗu, kuma Hausa tana da arziki a wurin fiye da yadda muke koyarwa.

Malaman ma'ani sun ce mai sauraro iri uku ne: wanda bai san komai ba game da labarin, da mai kokwanto, da mai musu. Kowanne da irin ƙarfin da za a sa wa magana. Dubi Hausa:

An biya albashi.
An fa biya albashi.
Wallahi an biya albashi, ga saƙon banki.

Na farko labari ne ga wanda bai ji ba. Na biyu ga wanda ka ga alamar bai gaskata ba. Na uku ga wanda ya ce ƙarya ne. In ka yi wa na farko magana irin ta na uku, sai ya ce, "To, wa ya musa maka?" Ka ga kuskuren da "haƙiƙa" da "babu shakka" da "tabbas" ke yi a insha'in ɗalibai ke nan. Ana rantsuwa a inda babu mai musu. Wa ya ce ilimi ba shi da amfani da har za a yi ta haƙiƙancewa? Sai kuma a zo inda ake da musu na gaske, a wuce salin alin ba hujja.

Ga kuma gabatarwa da jinkirtawa:

Yara sun fasa tulun.
Yara ne suka fasa tulun.
Tulun ne yara suka fasa.
Tulun kam, yara sun fasa shi.

Abu ɗaya ya faru, amma tambaya huɗu ake amsawa. Ta farko: me ya faru? Ta biyu: wa ya fasa, yara ko akuya? Ta uku: me suka fasa, tulu ko randa? Ta huɗu: ina labarin tulun nan? Ku lura da yadda "sun" ta koma "suka" da zarar an ja wani abu gaba an ƙarfafa shi da "ne", amma a jimla ta huɗu, inda aka ɗauko tulun a matsayin abin da ake zance a kai kawai, "sun" ta zauna, kuma "shi" ya dawo ya riƙe gurbinsa. Duk Bahaushe yana yin wannan a baki ba tare da tunani ba. A rubutu ne yara ke rasa shi, saboda an koya musu "sun" da "suka" a darasin nahawu a matsayin jadawalin lokuta, ba a taɓa ce musu kayan aikin jayayya ba ne. Wanda ke rubuta ƙorafi ga hukuma yana buƙatar sanin bambancin "ba a gyara famfon ba" da "famfon ne ba a gyara ba", domin ta biyu tana nuna an gyara wasu abubuwan.

Sai 'yan ƙananan kalmomin nan shida da Paul Newman ya ware musu babi a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000: fa, dai, kuwa, kam, ma, kuma. "Ni dai ban gani ba" ba ɗaya take da "ni ma ban gani ba" ba, kuma dukansu ba "ni kam ban gani ba" ba ne. Ta farko tana taƙaita magana ga kai, ta biyu tana shiga sahun wasu, ta uku tana ware kai, kome sauran suka ce. A duk takardar nan ban ga layi ɗaya a kan waɗannan ba, ga shi kuwa an ba karin magana shafuka.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba gaba nake da karin magana ba. Dattijo a wurin sulhu yakan saurari kowa, ya jera abin da ya faru, sannan ya jefa guda ɗaya a daidai gaɓa, sai ka ji wuri ya yi tsit. Ta yi aiki ne saboda an riga an share mata fage. Abin da nake ƙi shi ne a sa ta ta tsaya a madadin tunani.

Sashen da ya fi ba ni takaici shi ne na insha'in muhawara. Take irin su "karatun 'ya mace ya fi na ɗa namiji amfani" ko "zaman ƙauye ya fi na birni". Kowane samfuri tsarinsa ɗaya: gaisuwa ga alƙalai, "na tsaya a nan ne don in goyi bayan", sai dalili na farko, na biyu, na uku, sai "da wannan nake fatan na gamsar da ku". Abokin hamayya ba ya ciki ko kaɗan. Ba a faɗi abin da zai ce ba, balle a amsa. Wannan ai shela ce. Shi ya sa za ka karanta samfuri ɗaya bayan ɗaya ba ka ci karo da "duk da cewa" ko "sai dai" ko "gaskiya ne... amma" ba, alhali waɗannan su ne ƙashin bayan jayayya a Hausa. Mutumin da ya ce, "Gaskiya ne a birni akwai asibiti, amma wanda ba shi da kuɗin kati da shi da na ƙauye duk ɗaya ne," ya fi mai dalilai goma a jere ƙarfi, don ya nuna ya ji ɗaya ɓangaren kuma bai gudu ba.

Wani masanin Ingila, Stephen Toulmin, ya fitar da littafi a 1958 a kan yadda hujja ke aiki. Abin da malaman rubutu suka fi ɗauka daga gare shi mai sauƙi ne: akwai abin da kake da'awa, akwai shaidar da ka kawo, akwai kuma gadar da ta haɗa su, wadda sau da yawa ba a furta ta. In yaro ya rubuta "zaman ƙauye ya fi, domin akwai iska mai kyau", gadar ita ce wai iska ta fi duk abin da birni ke da shi nauyi. Da ka fito masa da ita fili ka ce, "Ka yarda da wannan?" sai ya tsaya ya yi tunani. Darasi ɗaya a kan "domin" da "saboda haka", ana tambayar kowace ko ta cika alkawarinta, zai fi haddar samfuri ashirin amfani.

Tsarin nan na gabatarwa, dalilai uku, kammalawa, ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A makarantun Amurka ya yi kaka-gida, kuma malaman rubutu na can sun shafe shekaru suna sukarsa. Tun a 1949 suka kafa ƙungiya ta masu koyar da rubutu a jami'o'i, kuma a 1972 wani malaminsu, Donald Murray, ya rubuta wata gajeriyar maƙala da ta yi tasiri ƙwarai, inda ya ce a koyar da rubutu a matsayin aikin da ake bi mataki-mataki, a daina nuna wa ɗalibi gamammen kaya kawai. Wato yaro ya tattara abin faɗa, ya yi zubin farko, a karanta, ya sake. Mu mun aro ƙwarangwal ɗin, mun bar gardamar da ake yi a kansa a can.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Aji ya cika maƙil, darasin Hausa bai fi sau biyu ko uku a mako ba, wa zai duba zubi biyu na kowane yaro? Kuma jarrabawa na tafe, samfuri ko ba komai yana hana yaro miƙa farar takarda. Na yarda. Ni ma na taɓa ba ɗalibai samfuri a makon ƙarshe don tsoro. Amma ba dole sai cikakken insha'i ake sakewa ba. Sakin layi ɗaya ya isa. A ba su minti goma su rubuta, kowa ya karanta wa na kusa da shi da ƙarfi, shi kuma ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa. In abin da ya faɗa ba shi marubucin ke nufi ba, an gano inda za a gyara, malam bai ɗauki jan biro ba. Kunnen Bahaushe ya fi idonsa saurin kama jimlar da ta karkace. Sannan jarrabawa ta 'yan sa'o'i ce. Bayanta yaron nan zai rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma a kan rijiyar da ta lalace, ko ya nemi aiki, ko ya kare kansa a rubuce in an zarge shi a wurin aiki. Ranar nan "gishirin zaman duniya" ba za ta cece shi ba.

Abin mamaki, muna da littafin koyon wannan a hannunmu, muna karanta shi a matsayin tatsuniya kawai. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, aku ba don nishaɗi yake ba da labari ba a littafi na ɗaya. Yana da buƙata: ya tsare Musa ɗan sarki kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Kowane labari an zaɓe shi ne don mai sauraro ɗaya, a dare ɗaya, da manufa ɗaya. A littafi na uku kuwa akun ne ke koya wa ɗansa yadda ake ba da labari. Malamin da ya ɗauki labari ɗaya daga ciki ya tambayi aji, "Me ya sa aka fara daga nan? Me ya sa wannan jimla gajera ce? Ina 'sai' ta hanzarta labari, ina aka tsaya aka ja numfashi?" ya koyar da balaga fiye da duk jerin da ke cikin takardar nan.

Don haka ga matsayina. Wanda ya riga ya sauke ta, ya yi amfani da sashen ƙa'idojin rubutu da na wasiƙa, suna da kyau. Jerin adon harshe a mayar da shi darasin waƙa inda ya fito. Samfurorin kuwa kada a ba yara su haddace. A ba su su yi musu gwajin canza take, su ga da idonsu wanne ya tsaya wanne ya rushe. In kuma wanda ya haɗa takardar yana cikin masu karanta wannan shafi, Malam, don Allah in za a sake fitar da ita a ƙara babi a kan mahaɗai da waɗannan ƙananan kalmomi shida, ko da za a rage karin maganar zuwa rabi.

Ga ɗan aiki ga mai sha'awa. An ɗage ranar jarrabawa. Rubuta wannan labari sau uku a ƙasa: ga abokinka da bai ji ba, ga mahaifiyarka da ke kokwanto, da ga ɗan ajinku da ya ce ƙarya kake yi. Kada ka sa karin magana ko ɗaya. Zan duba amsoshin ranar Asabar in sha Allahu.